Dattijon da ya ƙi zama a gareji

A garejin da nake jira akwai wani dattijo mai farar riga, sau uku ana miƙa masa benci yana ƙi. Zagaya tsohuwar motarsa yake, wadda ta girmi makaniken, yana goge madubin da ba ƙura. Giya ce ba ta shiga. In giyabos ne, wato akwatin giyar, babu kayansa a kasuwa, kuma da alama 'ya'yansa sun fara ciniki da mai sayen tsohon ƙarfe a sikeli.

Makaniken ya ce, "Baba, kashe injin, ka sa lamba ɗaya."

Ta shige sumul.

"To giyabos lafiyarsa lau, kuloci ne ba ya saki. Wannan motar sai ta binne mu."

Sai yanzu dattijon ya ga bencin. Ya zauna, ya ciro waya ya kira ɗansa: "Babana, ka ce wa mai sikelin ya huta."