Ranar da Aka Kama Tumbina a Bakin Boda

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan manta ranar da aka tsare ni da laifin fasa-ƙwaurin tumbina ba.

Lokacin ina ɗan sakandare a Illela, kuma kaf unguwarmu babu mai ƙibata. Mahaifina sukari da madarar gwangwani yake sayarwa, ni kuwa na ɗauki aikin ɗanɗana kayan shago da gaske. A gidanmu wannan ake kira lafiya. Sai da ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙanen mahaifina ƙafa, sannan aka fara yi wa lafiyar tawa wani irin kallo.

Malamin asibitin garin ya tara mu, mu samari masu jiki, ya ce in ba mu canza ba, hanyar da muka kama ke nan. Da yake ba zai iya bin kowa gida ba, sai ya naɗi muryarsa a kaset ya rarraba mana: abin da za a ci, abin da za a bari, da gudu kullum da safe. Mahaifina ya saya mini ƙaramar rikoda, ya ja mini kunne in guji zaƙi, sannan ya koma shago ya ci gaba da auna wa 'ya'yan mutane sukari.

Abin da malamin ya manta shi ne an rufe boda a lokacin, kuma a Illela ba a gudu don nishaɗi. Duk mai gudu, akwai abin da ya ɗauko.

Na cusa rikoda a aljihu, na bi hanyar bayan gari ina haki, sai na ji tsawa. Masu kaki ne su biyu. Babbansu ya zagaye ni yana murmushi, kamar yau ya yi kamun da za a ƙara masa girma.

"Kai, mi ka naɗe a ciki? Atamfa ko shadda?"

"Ranka shi daɗe, cikina ne."

"Wanga duka? Ɗaga riga!"

Na ɗaga, a gaban mata masu tallan nono da 'yan babur da suka tsaya kallo kyauta. Ƙaramin ya latsa, ya sake latsawa, ya juya da fuskar wanda aka cuta. "Yallaɓai, wallahi nama ne." Wurin ya kece da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma wane rami zai ɗauke ni?

Don kada su tashi a banza, suka ƙwace rikodar suka kunna, wai za su ji asirin 'yan sumoga. Sai ga muryar malamin: "In kana yawan jin ƙishirwa da yawan fitsari, ko ka ji ciwo ya ƙi warkewa, zo a gwada ka."

Babban ya daina murmushi. Sai a lokacin na lura takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayar silifa ce, babban yatsan a ɗaure da tsumma.

"Mai da shi baya," in ji shi a hankali. Ya sake saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, wanga malami ina yake zama?"

Ashe yana da ciwon bai sani ba. An tari abin da wuri, ƙafarsa ta tsira. Ni kuma ladan da gari ya ba ni shi ne suna: Atamfa. Har na yi aure da shi ake kirana. Na yi niyyar barin gudun saboda kunya, amma duk safiya sai in tarar da mutumin a bakin hanya yana jira, yana ɗaga mini hannu, yana harar duk wanda ya buɗe baki. Haka na ci gaba har riguna suka yi mini yawa, kuma har yau ciwon bai same ni ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka gyara lafiyarka, kada ka jira masu kallo su yarda. Dariyarsu kafin azahar ta ƙare, kuma ranar da ka kwanta a gadon asibiti, cikinsu babu mai karɓa maka allura ko ɗaya.