Yadda Muka Kai Baba Sule Mai Hoto Bakin Teku

A duk shekarun da na yi ina shirya wa mutane tafiya, ranar da ba na mantawa da ita ita ce wadda Sista Binta ta shigo ofishinmu na Hyattsville, kusa da Washington a Amurka, riƙe da hannun mahaifinta. Tsakiyar shekarun 1980 ne, ƙarshen watan Agusta, ana zafi mai gumi irin na garin nan.

Ku da kuka shigo aikin yanzu ba za ku gane ofishin lokacin ba. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon wanki da guga. Oga Danjuma, mutumin Pankshin, shi ne mai wurin kuma shi ne manaja. Ƙarƙashinsa akwai babban ma'aikacin tikiti mai magana da kamfanonin jiragen sama, sai ni Rahila, ƙaramar ma'aikaciya, mai ɗaukar waya da rubuta tikiti. Da hannu ake rubutawa, a danna biro sosai don ya fito a duk shafukan. Aikinmu kusan ɗaya ne: mutanenmu za su gida, Kano ko Legas, lokacin Kirsimeti ko Sallah. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a shirya masa yawon shaƙatawa a cikin Amurka.

Sista Binta ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a Upper Marlboro, mu muka rubuta tikitin da ya kawo mahaifinta daga gida. Tsohon dogo ne siriri, da wata baƙar jaka rataye a wuya. Bayan gaisuwa ta yi wa Oga bayani. Sunansa Malam Sule, mai ɗaukar hoto ne a Sabon Garin Zariya tun tana ƙarama. Idonsa na dama ya riga ya tafi, na hagun kuma za a yi masa aiki a ƙarshen Satumba, likita bai yi alkawarin komai ba. Abu ɗaya ya roƙa kafin ranar aikin: a kai shi bakin teku ya ɗauki hoto, don bai taɓa tsayawa a gabansa ba. Ta ƙara da cewa kuɗin asibiti ya cinye ta, ba ta da halin otal mai tsada ko gidan abinci na manya.

Oga ya sosa ƙeya ya ce, "Sista, wallahi mu tikitin jirgi muka sani."

Baba Sule ya juyo da idon da yake gani da shi wajena ya ce, "Ke fa, 'yata? Na ga kina saurare da kunne biyu."

Na ce, "Baba, in Oga ya yarda, zan gwada."

Oga ya ce to, amma kada waya ta yi ƙara ba mai ɗauka.

Ga yadda ake irin wannan shiri a wancan zamani. Akwai wani ƙaton littafi mai sunayen masaukai da lambobin wayarsu, akwai taswirar hanya da ake samu a gidan mai, sauran kuma bakinka ne da haƙurinka. Na fara da lokaci. Na gano cewa da zarar hutun ranar ma'aikata na farkon Satumba ya wuce, yara sun koma makaranta, garin Ocean City na bakin teku yakan sake, masaukai su karya farashi, ruwa kuma bai yi sanyi ba tukuna. Sai na zaɓi tsakiyar wata. Na yi ta buga waya har na samu wani ƙaramin masauki na wata dattijuwa, nesa kaɗan da hayaniya, mai ɗakuna biyu da ɗan kicin. Kicin ɗin shi ne rabin dabarar, don wanda zai dafa shinkafarsa da shayinsa ya tsira daga wuƙar masu gidajen abinci.

Batun abincin waje kuwa, sai da na sha tambaya. Baba ba ya cin naman da bai san yankansa ba, don haka kifi ne mafita. Amma kifin ma da wane mai ake soya shi? Duk gidan da na kira sai na tambaya ko akwai kitsen alade a man suyarsu. Wasu su amsa da fara'a, wani kuma ya ajiye mini waya. Na kuma sa Sista Binta ta sayi fim a nan Washington, don a bakin ruwa komai ninki ne, ta nemo leda da tsumma mai laushi saboda yashi da gishirin iska suna lalata kyamara. Tun da gaɓar tamu gabas take kallo, rana daga cikin ruwa take fitowa, hoton asuba ke nan. Na zaɓa masa tsibirin Assateague, inda bakin ruwa yake shimfiɗe ba gini, ba jama'a, sai tsuntsaye da ƙananan dawakan jeji. A ganina na gama aiki.

Ana saura kaɗan a tafi, Sista Binta ta kira ta ce ita fa ba za ta iya tuƙi a kan doguwar gadar nan ta kan ruwa da ke bayan garin Annapolis ba, ko a bas ne rufe ido take yi. Na kai wa Oga maganar. Sai ya ciro makullin motarsa, wata doguwar mota mai buɗaɗɗen baya, ya ajiye a teburina.

Ya ce, "Wanda ya shirya tafiya bai kamata ya sayar da abin da bai gani ba. Ki kai su. Aiki ne, ba hutu ba, ki dawo mini da bayanin kowane wuri."

Ranar Juma'a muka kama hanya. A kan gadar, Sista Binta ta sunkuyar da kai tana ta salati, Baba kuwa ya manna fuska a gilashi yana cewa in rage gudu. Da muka sauka ɗaya gefen, ƙasa ta miƙe shafal, gonakin masara da gidajen kaji hagu da dama. Ya ce, "Ashe su ma ƙauyawa ne!" Muka tsaya wajen masu sayar da kayan gona a bakin hanya muka sayi masara da tumatir da kankana, araha kamar a kasuwar ƙauye.

Washegari da asuba, bayan sun yi salla, muka isa tsibirin. Allah ya ba mu sarari garau. Rana ta ɓullo ja wur daga cikin ruwa, igiya tana zuwa tana komawa, ba kowa sai mu. Baba ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya taka har ruwa ya taɓa shi. Ya ɗanɗana da yatsa ya tofar yana dariya, ya ce, "Gaskiya ne, da gishiri." Sannan ya fito da kyamarar, irin wadda ake riƙewa a ciki ana leƙawa ta sama. Ya leƙa, ya juya dama, ya juya hagu, ya daɗe. Bai danna ba. Ya rufe ta ya mayar jaka.

Na ɗauka idon ne ya ƙi. Sista Binta ma haka ta zata, na ga ta kama bakin mayafinta.

Ta ce, "Baba, ba ka gani ne?"

Ya ce, "Ina gani sarai. Ikon Allah ne, ya fi yadda ake faɗi. Amma ba kowa a ciki. Ni tun da nake ban taɓa ɗaukar hoton da ba mutum ba. Wa zan ce wa ya ɗaga haɓa?" Ya juyo gare ni. "'Yata, wannan ruwan ba shi da masu shi? Ina masuntansa?"

Ni da na yi ta wahalar nemo masa inda ba jama'a, ashe jama'ar yake nema. Dariya ta kama ni, ta kama Sista Binta, har da hawayenta. Muka koma masauki na tambayi dattijuwar nan inda jiragen kamun kifi suke sauke kaya. Ta kwatanta mana wata ƙaramar tasha a bayan gari, ta ce ba wurin baƙi ba ne, ƙarni kawai za mu sha.

Ƙarnin kuwa mun sha shi. Amma muna isa Baba ya zama wani mutum. Ga maza cikin dogayen takalman roba suna jan kwanduna, ga tsuntsaye suna ihu a kansu, ga wata mata baƙar fata mai jiki, ana kiranta Miss Dora, tana fere kifi a bakin wata rumfa. Baba ba ya jin Turanci sai na gaisuwa. Ya nufi wani jibgegen Bature mai jan gemu, ya yi masa sallama da Hausa, ya nuna kyamara, ya nuna kifin da ke hannunsa. Na matso zan fassara, ya ɗaga mini hannu. Ya kama kafaɗar mutumin ya juya shi wajen haske, ya gyara masa hula, ya sa yatsa ya ɗaga masa haɓa. Mutumin nan, wanda ya yi biyun Baba, ya tsaya ƙiƙam kamar ɗan makaranta. Abokansa suka fashe da dariya, shi ma ya fashe, a daidai nan Baba ya danna.

Daga nan layi aka yi. Kowa yana so. Miss Dora ta ce ita ba za a ɗauke ta da rigar aiki ba, Baba ya ce in gaya mata rigar da wuƙar su ne adonta, sarauniya ba ta hoto ba kambi. Ta riƙe ƙugu ta ce wannan tsohon ya iya baki. Aikina ya koma karanta masa ƙananan lambobin jikin kyamara da idonsa ba ya kamawa, Sista Binta kuma tana riƙe da jaka tana kare shi daga feshin ruwa. Ya sa ta tsaya ita ma a gaban wani jirgi, ya ce rabon da ya ɗauke ta tun tana sakandare.

Da rana ta take, Miss Dora ta tambaye mu inda za mu ci abinci. Na faɗi sunan gidan da na zaɓa. Ta yamutsa fuska ta ce wannan na baƙi ne, mu biyo ta. Bayan rumfarta akwai wani ɗan wuri da masuntan suke ci, tebur na katako an shimfiɗa masa takarda. Na yi tambayata ta kullum game da mai, ta ce man gyaɗa ne, ta ɗauko galan ɗin ta nuna wa Baba. Aka kawo soyayyen kifin da aka kamo da safen nan, da dafaffiyar masara. Sannan aka juye mana tulin ƙaguwa a kan takardar, an turara su da jan yaji, aka miƙa wa kowa 'yar gudumar katako.

Baba ya dubi ƙaguwa, ya dubi guduma, ya ce, "Abin ruwa dai halal ne. Amma wannan abinci ne ko aikin ƙira?"

Mai jan gemun ya zauna kusa da shi ya nuna masa yadda ake ɓare bayan, a fasa ƙafa, a zaro farin naman. Bugun farko Baba ya fantsama wa Sista Binta ruwan yaji a mayafi. Bugu na biyu ya samu nama. Ya tauna, ya ce yajin nan da za a ƙara masa ƙuli-ƙuli da ya yi tsire. Ya ci har ya fi mu tarin ɓawo. Abin da muka biya mu uku bai kai abin da mutum ɗaya zai biya a gidan da na zaɓa ba, kuma Miss Dora ta ƙulle mana ɗanyen kifi muka tafi da shi, muka yi miya a kicin ɗin masauki.

Ranar Lahadi muka dawo. Na ba Oga bayanin kowane wuri kamar yadda ya ce. Da aka wanke hotunan, Baba da kansa ya kawo su ofis. Oga ya baza su a tebur ya daɗe yana kallo, ya roƙi izinin manna wasu a tagarmu. Kafin shekara ta zagayo iyalai daga Germantown da Upper Marlboro suna zuwa suna cewa a shirya musu irin tafiyar Baba, Oga kuma ya ɗora ni a kan duk tafiye-tafiyen cikin ƙasa. Aikin idon ya yi daidai gwargwado. Bai koma ɗaukar hoto ba, amma yana gane fuska yana kuma zuwa masallaci da ƙafarsa.

Kafin ya koma Zariya ya ba ni wani ƙunshi, kowane hoto an yi masa kwafi na biyu. Ya ce, "Ki mayar wa masu su. Mai hoto ba ya tafiya da fuskar mutum ya bar shi hannu wofi." Na ce ai da nisa, Baba. Ya ce ai na san hanya.

Na koma a watan Oktoba, an fara sanyi. Mai jan gemun ya goge hannunsa a wando har sau biyu kafin ya karɓi nasa, ya ce tun ranar aurensa ba wanda ya ɗauke shi hoto. Miss Dora ta kafa nata da ƙusa a saman teburin fere kifi, ta tsaya tana kallonsa, ta ce in gaya wa tsohon ta yarda, rigar ta yi mata kyau.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mai tafiya zai zo ya ambaci sunan wuri, teku ko dutse ko birni, ku kuma ku ruga neman masauki da farashi. Wannan rabin aikin ne. Ku zaunar da shi tukuna ku tambaye shi me yake so ya tarar in ya isa. Kuma duk garin da za ku aika mutum, ku nemi inda masu aikin garin suke cin abincin rana. Can ne araha take, can ne kuma baƙo yake samun wanda zai matsa masa a benci.