Kaset ɗin Zainabu da Akwatin da Ba Ya Ƙari

Mu biyu muka tashi a gaban kakarmu Iya, ni da yayata Zainabu, a wani ƙauye bakin kogi a ƙasar Sudan. Da an idar da magariba Iya za ta tura icce cikin murhu, ta ce, "Tatsuniya na bakin ƙofa, wa zai buɗe mata?" Mu ce, "Mun buɗe, ta shigo."

Akwai guda da Zainabu ba ta gajiya da ita. Wata mata ce 'yarta ke zaune ƙetaren kogi. Sai ta aiki hankaka, ta ce, "Gaya mata ina kewarta." Hankaka ya ga maganar ta yi masa kaɗan. A hanya ya hura ta, ya ƙara mata gishiri, ya sauka kan danga yana ihu: "Uwarki ta yi fushi, har kuka take!" 'Yar ta ji tsoro, ta ƙi zuwa gida. Daga baya uwar ta aiki kurciya. Ita kurciya muryarta ƙasa-ƙasa ce, sai da 'yar ta matso kusa, ta yi shiru, sannan ta ji saƙon yadda aka ba da shi.

Zainabu takan ce, "Iya, ita kurciyar ba ta iya ɗaga murya ba ne?"

Iya ta ce, "Maganar ba tata ba ce, 'yar nan. Amana ce aka ba ta."

Na girma, na zo aikin hajji da maigidana, muka zauna nan Madina, a unguwar Harra ta Gabas. Da Innarmu ta kwanta ciwo na yi alkawarin komawa, ban koma ba. Zainabu ce ta yi jinyarta ita kaɗai har ta rasu. Da yake dukanmu ba mu yi karatu ba, kaset muke aika wa juna ta hannun alhazai. Matar da ta kawo mini na ƙarshe, tun kafin ta zauna ta ce, "Hajara, yayarki fa ta yi fushi da ke, ba ta son jin sunanki."

Na sa shi a tsohon rediyona. Gaisuwa ta fito sarai. Can wajen ƙarshe muryar ta yi ƙasa, ina jin "na yi fushi", sauran kuma ya nutse. In na ƙara murya, sai gurnanin rediyon ya ƙaru tare da ita. Ba a daɗe ba Zainabu ta rasu. Na naɗe kaset ɗin a zane, na zauna da wannan kalma guda har jikokina suka yi wayo.

Ɗana Usman yana gyaran kayan sauti a titin Sultana. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya zo da na'urar kaset mai kyau, da wadda ke ba sifika ƙarfi, da wani ɗan akwati da ya sa a tsakaninsu. Na duba bayansa, na ce, "Wannan ina wayar wutarsa?"

Ya yi dariya. "Ya ummi, ba ya cin kahraba, wato lantarki. Ba komai a cikinsa sai abin murɗawa da ke rage murya, da maɓallin zaɓar na'urar da za a ji."

"To abin da bai ci ba, me zai ba ni?"

"Ba ya bayarwa. Masu cin wuta suna ƙara ƙarfi, wasu su zubo nasu gurnanin a ciki. Wannan abin da aka miƙa masa shi yake wucewa da shi. Sharaɗinsa dai na'urar kaset ta zo da ƙarfinta, wayar kuma ta zama gajera. In ta yi tsawo sautin ya dushe." Ya tsaya, ya dube ni. "Amma ummi, ba ya gyara magana. In mai ɗaci ce, da ɗacinta za ta fito. In kunna?"

Na ce, "Kunna. Na gaji da tsoro."

Na jawo darduma, na matsa kusa da sifika. Sautin tsohon kaset na nan, shuuu, amma gurnanin babu. Na ji numfashin Zainabu, har da zakara a bayan gida. Sannan ta ce, "Hajara, na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Amma fushin ya ƙare tun ranar bakwai. Kewa ce ta rage. Ki yi wa Inna addu'a a can, ni ma ki sa ni."

Usman ya tashi ya fita, wai zai duba mota.

Ina yarinya na ɗauka Iya tana hana mu ƙarya ne kawai. Amma matar da ta kawo kaset ɗin ba ta yi ƙarya ba, fushin gaskiya ne. Ta dai ƙara masa murya har ya danne sauran, ni kuma na tsaya daga nesa ina sauraron hankaka. Yanzu in 'ya'yana suka saɓa, ɗaya ya ce, "Ummi, gaya masa," kalmarsa nake ɗauka yadda take, in faɗa a hankali, sai wancan ya matso.

Washegari da asuba na tafi Harami. Na yi wa Inna addu'a, na sa Zainabu.