Zakaran da Ya Ƙi Kamuwa

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Daura. Nakan tsaya gaban allo in ce wa ɗalibai, a kowane garke akwai bambanci, wani ya fi wani gudu, wani ya fi wani wayo. Wanda ya tsira shi ke haihuwa, 'ya'yansa su gaji halinsa, a hankali garken ya sauya. Ina faɗa ina hura hanci, kai ka ce ni na gano abin.

A gida kuwa ina kiwon kaji. In baƙo ya zo dole a yanka masa, ni kuma ina son a ce na iya karɓar baƙi, amma ba na son gudu. In na watsa tsaba, duk wadda ta matso kusa ita ce ta tukunya. Masu tsayawa nesa suna kallona da ido ɗaya, su na bari suna ta ƙyanƙyasa shekara da shekaru.

Ran nan mahaifin matata ya iso daga Baure, ga shi ba mai yawan zuwa gidan suruki ba ne. Ta ce in kama zakara, kada tsohonta ya sha miya babu nama. Na watsa gero, ba wanda ya matso. Na tattare riga na bi su. Zakaran ya haye turmi, ya haye katanga, ni kuwa santsin ruwan wanki ya kwashe ni, hula ta yi nata wuri. Ina kwance ina haki darasina ya faɗo mini: ashe ni ne shahon gidan nan. Na cinye masu sanyin jiki, na bar 'yan tsere suka hayayyafa.

Da na ɗago, ga surukina tsaye a ƙofar zaure yana kallo. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ya ce, "Sannu, Malam. Wannan zakara ka ba ni shi in tafi da shi Baure. Shaho ya gama da kajina, irinsa nake nema."

Na ce, "Baba, ai naku ne, in dai ya kamu."

Bai kamu ba. Tsoho ya ci tuwo da miyar kuka lami, ya sa albarka, ya koma babu nama babu zakara. Har yau in matata ta je gida, sai ya fara tambayar lafiyar zakaran kafin tawa.