Siririn Alƙalamin Kawu Abdulwahid

Duk unguwarmu a Haɗejiya babu wanda ya kai Kawu Abdulwahid tsirfa a kan abin rubutu. Yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin firamare, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganin biro a aljihunsa ba. Wai biro na masu gaggawa ne. Shi sai alƙalami mai shan tawada, irin wanda ake tsoma bakinsa a kwalba a zuƙo. Guda uku gare shi a cikin wani tsohon gidan tabarau, kowanne da aikinsa. Ka kuskura ka ce ai duk ɗaya ne, ranar ka ga ta kanka, sai ya wuni yana yi maka bayani.

Akwai mai faɗin baki, na manyan haruffa. Akwai wanda ya goga bakinsa a dutsen wasa wuƙa har ya karkace, wannan na Larabci ne, don a cewarsa alƙalamin da ya saba tashi daga hagu ba ya yarda ya taso daga dama. Sai siririn, mai baki kamar allura, wanda ya keɓe wa sunaye.

Sunayen nan su suka riƙe shi bayan ya yi ritaya. Makarantu kan kawo masa takardun shaidar ɗalibai ya cike sunan kowa da hannu. A lokacin zaurensa ba ya rabo da mutane, takalma har waje. Da shagunan kwamfuta suka cika gari, sai aka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, babu ko sallama. Matarsa Inna Binta ta rasu. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya yana Kaduna ɗaya yana Fatakwal, sai dai waya ranar Juma'a, ita ma in sun tuna. Ni Zaituna, da yake aure bai kai ni nesa ba, ni nake kai masa abinci. In faɗi gaskiya, ajiyewa nake in juya, ga yara ga ɗinki suna jirana.

Mutum ɗaya ne bai janye ba, Malam Yunusa, tsohon ɗalibinsa, mai wata Islamiyya a ƙauye bayan Auyo. Duk shekara in an gama yankan shinkafa za a yi bikin sauka, sai ya ɗauro takardun a bayan babur. In ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, har da babur ɗin ake sakawa a kwalekwale. Yakan wuni a zauren, su sha shayi, ya ba Kawu labarin wa ya mutu, wa ya yi aure, gonar wa ruwa ya cinye. Ranar kawowa da ranar karɓa, wallahi su ne Kawu yake jira shekara guda cur. Kuma ya sani sarai, duk ranar da aikin ya gagare shi, babur ɗin nan shagon kwamfuta zai nufa.

To ga yanar ido ta fara rufe wa Kawu gani. Na yi na yi ya je asibiti, ya ce shi ba mai taɓa masa ido da wuƙa. Taurin kai dai irin na gidanmu.

Bana da Malam Yunusa ya kawo takardun, ya haɗo da sunayen yaran a rubuce ɓaro-ɓaro a bayan kwali. Nan na gane ya lura da idon Kawu. Washegari na tarar da Kawu ya baje alƙalumansa a tabarma yana gwaji a wata takarda daban. In ya yi da mai faɗin baki yana ganin abin da ya rubuta, amma sunan ba ya shiga layin da aka tanada, sai ya tsallake har gefe. In ya yi da siririn sunan ya zauna daidai, amma shi ba ya ganin komai sai farar takarda.

Na ce, “Kawu, ka yi da mai faɗin mana. Ka sa sunan yaro da na ubansa, ka bar na kakan.”

Ya ɗago ya dube ni, ko in ce ya dubi inda muryata take. “In yanke wa yarinya sunan kakanta saboda idona? Ke dai ba ki da ta ido, Zaituna. Hannuna ya san hanya.”

Raina ya ɓaci, na dangwarar masa da kwanon na fita. Siririn ya zaɓa.

Kwanaki ya yi yana aikin, hanci kusan a kan takarda don ya gano layi, ya dafe shi da rula, sannan ya ja sunan a hankali. In na zo sai ya kife su, wai ba a ganin aiki sai an gama. Ranar da Malam Yunusa zai zo karɓa, na same shi ya yi wanka ya sa farar riga, ya jera takardun.

“Zo ki duba,” in ji shi, yana murmushi.

Na farkon sun yi kyau, kyau irin na da. Daga nan tawadar ta fara dusashewa. Sauran duk, mafi yawansu, babu komai a kai sai sawun bakin alƙalami da ya karce takarda. Na ɗaga kwalbar tawadar. Ashe ta yi ƙasa, bakin alƙalamin ba ya kai mata, iska yake ta zuƙa. Tausayinsa ya kama ni.

Na so in ce sun yi kyau. Amma yanzun nan za a zo a gani a gabansa. Sai na faɗa masa.

Bai yi musu ba. Ya miƙo hannu na ba shi ɗaya, ya bi sawun da ɗan yatsa a hankali. “Ummussalma Adam Yelwa,” ya ce. “Ai kuwa na rubuta.”

Da Malam Yunusa ya iso, ya duba, ya buɗe baki zai ce ba komai, a sake baɗi. Kawu ya tare shi. “Yunusa, kar ka ɓata wa yara biki don jin kunyata. Kai wa masu kwamfuta tun rana ba ta yi ba.” Ko shayin ba a sha ba, don lokaci ya ƙure.

Kawu ya raka shi ƙofar zaure, ya tsaya dafe da bango har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Na tattara kwanukan jiya zan wuce, sai na ji ya kira sunana ƙasa-ƙasa.

“Gobe in kin kawo tuwon, ki ɗan zauna.”