Gatarin da Ba Ya Ƙoshi

Ina 'yar shekara tara lokacin da motocin itace suka fara shigowa ƙauyenmu, gefen Jahun. Dutse ta zama babban birnin jiha, gidajen burodi sun yawaita, kowa na neman abin hura wuta. A gonar Baba akwai manyan gawo guda bakwai, ya riga ya sare biyu, kuma ya yi alkawari da wani direba a kan sauran.

Kakarmu, da muke kira Iya, ba ta ce masa komai ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa. Bayan magariba sai ta tara mu a bakin murhu tana ɓare gyaɗa, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, domin Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa yana gyara ƙotar gatari.

"Ku matso, tatsuniyar yau doguwar tafiya ta yi kafin ta iso."

Ta ce a wani gari, sarkin daji, wato mai kula da itatuwan garin, ya kafa doka: kowa ya ɗauki busasshen itace iya abin da kansa zai ɗauka, amma kada a taɓa ɗanye. Sai wani mutum ya tsinci gatari mai sara da kansa. Cikin sati ya cika gidansa da itace, ya sayi doki. Mutanen gari suka ga haka, suka taru suka tuɓe sarkin daji, suka ce dokarsa ce ta hana su arziki. Gatari ya yi ta sara, gari ya yi ta bunƙasa, har ranar da ya kai ƙarshen daji. Da bai sami itace ba, sai ya juyo cikin gari. Ya sare turame da taɓare, ya sare azarar ɗakuna, ya sare itacen bakin rijiya.

Ƙanwata Ladi ta tambaya, "Iya, ba wanda ya ce masa ya tsaya?"

"Wanda ya san kalmar tsayar da shi ai shi suka kora, 'yar nan."

Baba ya jingine aikinsa ya shige ɗaki. Da safe na ji shi a zaure yana ba direban haƙuri, direban na ta faɗa. Shekarar ba mu sami sabbin kayan sallah ba, kuma na yi kwanaki ina fushi da Iya.

Sai da na girma na fahimci abin da ta tsare mana. Gawo yakan zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Gonakin da aka share tas, yau rairayi ne ke yawo a cikinsu. Tamu har yanzu tana ciyar da gida uku.

Duk lokacin da na ji ana zagin malamin daji don ya hana sara, nakan fahimci mai zagin, domin yunwa ba ƙarya ba ce. Amma nakan yi wa Iya addu'a. Allah Ya haskaka kabarinta. Ba ta taɓa riƙe takardar doka ba, da gyaɗa a cinya ta zartar da tata.