Gashi na Biyu da Arzika Ya Nema

Arzika mutumin Fakku ne, amma a Tambuwal aka fi saninsa, don nan ya zauna tun da ya koyi tuƙi. A shekarun da arzikin mai ya buɗe hanyoyi, shi ke jan babbar mota zuwa Ikko, ya tafi da albasa ya komo da siminti. Mutum ne mai ba'a. In ya tsaya shan fura a Dogon Daji, sai an kewaye shi ana jin labarin kurmi.

Da fitsari ciwon ya fara. Sai ya tsai da mota, ya daɗe tsugune a gefen hanya, ɗan kaɗan ya fito. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, har ran da fitsarin ya tsaya cak suna shiga Ikko. Ƙaninsa Sambo, wanda ke aikin akawu a can, ya kai shi babban asibiti. Likitoci suka ce ciwon daji ne a wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsara. Aka yi masa gashi: makonni yana kwanciya ƙarƙashin wata na'ura da ke ƙone ciwon daga ciki.

Ya samu sauƙi. Ya ajiye tuƙi, ya koma Fakku da matarsa Atu, ya kama noman gero, har ya aurar da 'yarsa. Ya yarda da na'urar nan ƙwarai, ba wanda bai ba labarinta ba.

Bayan wasu shekaru kwankwaso ya fara damunsa. Ya ce fartanya ce. Da ya ga jini a fitsari, sai ya ce da Atu, “Shirya, Ikko za mu. Su sake gasa ni in dawo kafin shuka.”

A asibitin Ikko, likita ya daɗe yana duba hoton ƙashinsa, sannan ya yi magana a hankali, Sambo yana fassarawa.

“Yaya, ciwon ya dawo, har ya taɓa ƙashi.”

“To, shi maishe ni ƙarƙashin na'urar mana.”

“Ya ce wurin da aka gasa da farko ba ya ɗaukar wani gashin. In aka sake, mafitsara da hanji za su ƙone. Kwankwason ne za su iya gasawa, zafin ya ragu, amma ba zai kashe ciwon ba.” Sambo ya sunkuyar da kai. “Akwai kuma aiki. In aka cire maraina, ciwon zai lafa na wani lokaci.”

Arzika ya miƙe. Ya fito, ya iske Atu zaune a barandar asibitin, ya zauna nesa da ita kaɗan. Da ƙyar ya iya gaya mata.

“In anka yi, mi ya rage gare ni, Atu?”

“Malam, jikokinka sun rage, ni ma ga ni. Numfashinka nika so cikin gidan nan.”

Ya juya mata baya, kafaɗunsa suna rawa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, don haka ta kau da ido har ya gama.

Ya yarda aka yi aikin, aka kuma gasa kwankwason. Ya koma Fakku yana takawa da sanda. Ba'ar nan ta tafi. In an tambaye shi abin da aka yi masa, sai ya ce, “An yi abin da Allah ya nufa.” Shi da Atu da Sambo kaɗai suka san sauran.

Damina biyu ya ƙara gani. Ta farko ya je gona bisa jaki, ya zauna gindin kirya yana nuna wa ma'aikata inda suka bar ciyawa. Ta biyu bai iya fita ba. Atu ke ɗaga shi, ita ke yi masa alwala. Sambo ya aiko cewa su taho a sake gwadawa. Arzika ya ce a yi masa godiya, a ce hanyar ta yi masa nisa.

Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, gero yana fid da kai. Atu ta fito ta gaya wa maƙwabta da kanta, sannan ta koma ta zauna kusa da shi har maza suka iso.